Robin Cotton: Likitan da Ya Faɗaɗa Maƙogwaron Yara da Haƙarƙarinsu

Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san tsoron shiru. In ka buɗe makirufo aka yi daƙiƙa biyar babu abin da ya fita, mai kula da na'ura zai fara buga maka gilashi. Na fi shekara goma ina cin abinci da muryata, amma ban taɓa tsayawa na tambayi ta ina take fitowa ba, sai ranar da aka tura ni ɗauko rahoto a ɗakin yara na wani asibiti. Can na tarar da wani yaro da bai wuce shekara biyu ba yana kuka. Baki a buɗe, hawaye na zuba, jijiyoyin wuya sun tashi, amma babu sauti. Abin da ake ji kawai shi ne hucin iska daga wani ɗan bututu da aka ɗaure masa a gaban wuya. Na miƙa rakoda na janye, ba ta ɗauko komai ba. Uwar ta ce mini tun da aka sa masa bututun nan ba ta yi barcin kirki ba, domin in majina ta toshe shi da dare, yaron ba shi da muryar da zai tashe ta.

Daga wannan rana na shiga bin diddigin yadda aka yi likitoci suka koyi raba yara da irin wannan bututu. Duk inda na tono, suna ɗaya ke fitowa: Robin Cotton, Baturen Ingila, likitan kunne da hanci da maƙogwaron yara, wanda ya yi rayuwar aikinsa a birnin Sinsinati na jihar Ohayo a Amurka.

Kafin mu je gare shi, sai mai karatu ya ɗan shafa wuyansa. Ƙasa da maƙwallato, a ƙarƙashin tantani biyun nan da ke kaɗawa su ba da murya, akwai wani zobe na guringuntsi. A duk hanyar iska, tun daga maƙogwaro har huhu, shi kaɗai ne zoben da ya zagaye cif. Sauran duk a buɗe suke ta baya kamar kofaton doki, suna iya ɗan saki. Shi ba ya saki. A jikin jariri sabon haihuwa, faɗin ƙofar da ke cikin zoben nan bai fi milimita 4 zuwa 5 ba, wato kusan kaurin tsinken tsire mai ɗan gwaɓi. In cikinsa ya kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, ƙofa mai milimita 4 ta koma 2. Kashi uku cikin huɗu na filin da iska ke bi ya tafi ke nan, wahalar jan numfashi kuma ta ninka har sau 16. Babban mutum kumburin milimita 1 ba zai hana shi zuwa kasuwa ba. Jariri kuwa yana iya kai shi kabari. Dalilin da ya sa aka ware likitocin maƙogwaron yara daban ke nan, ko da yake an daɗe kafin a yarda da haka.

A da, babban abin da ke toshe wannan wuri shi ne mashaƙo. Wani likitan Faransa, Pierre Bretonneau na garin Tur, shi ya raɗa wa cutar sunan da Turawa ke kiranta da shi a 1826, kuma yana cikin waɗanda suka fara huda gaban wuyan yaro su sa bututu don iska ta sami hanya ta ƙasan inda ya toshe. A shekarun 1880 wani likitan gidan 'yan tsintuwa a New York, Joseph O'Dwyer, ya ƙera 'yan bututan ƙarfe da ake zurawa ta baki su zauna cikin maƙogwaro, don a huta da yankan wuya. An haifi O'Dwyer a 1841 a jihar Ohayo, shekara 100 cif kafin haihuwar Cotton, a jihar da Cotton zai zo ya yi suna. Daga baya magani da rigakafi suka kori mashaƙo daga ƙasashen Turawa. Mu kuwa ba su gama korarta ba, kamar yadda muka gani a Kano tun ƙarshen 2022, da kuma Matamai ta jihar Damagaram a 2023.

Sai Chevalier Jackson, dattijon Filadelfiya, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1958. Shi ne gwanin zaro abin da yara suka haɗiye ko suka shaƙa, da dogon bututu mai fitila a baki. Har yau akwai wani gidan tarihi a Filadelfiya da ke ajiye da abubuwa sama da 2,000 da ya ciro daga jikin mutane, su fil da maɓalli da kwabbai da ƙusoshi. Shi ne kuma ya yi ta faɗi-tashi har Amurka ta yi doka a 1927 ta tilasta rubuta gargaɗin guba a jikin mazubin soda, saboda yawan yaran da ta ƙone wa maƙoshi. Masu haɗa sabulu a gida su ji da kyau, sodar da ke cikin galan a bayan ƙofa ita ce dai wannan. A 1921 Jackson ya yi rubutu yana cewa huda wuya ta sama, kusa da zoben nan, shi ne babban abin da ke jawo tsukewar maƙogwaro daga baya. Gaskiya ya faɗa. To amma tsoron taɓa zoben ya zauna a zukatan likitoci har ya zama kamar doka. Aka ɗauka in ka tsaga guringuntsin maƙogwaron yaro, ba zai ƙara girma yadda ya kamata ba. Saboda haka in maƙogwaron yaro ya tsuke, sai a sa masa bututun wuya, a riƙa zura masa sandunan buɗa wuri lokaci zuwa lokaci, a zauna jiran ya girma.

Abin da ya canza lissafin ba cuta ba ce, ci gaban likitanci ne da kansa. A watan Agustan 1963 matar shugaban Amurka John Kennedy ta haifi bakwaini, aka sa masa suna Patrick. Huhunsa bai gama nuna ba, bai cika kwana biyu a duniya ba ya rasu a asibitin yara na Boston. Ɗan shugaban ƙasa ne, amma abin da aka iya yi masa kaɗan ne. Mutuwarsa ta ƙara zaburar da bincike a kan ceton bakwaini. A 1965 wasu likitoci biyu a Melbon ta Ostareliya, McDonald da Stocks, suka nuna ana iya zura wa yaro bututun roba ta hanci zuwa cikin maƙogwaro a bar shi kwana da kwanaki. Aka haɗa wannan da na'urar hura numfashi, sai ga jariran da a da ake fidda rai da su suna rayuwa.

Sai dai bututun yana ratsawa ne ta cikin zoben nan da ba ya saki. In ya cika wurin, ko yana goga duk lokacin da jariri ya motsa, sai fatar ciki ta mutu, gyambo ya fito, in ya warke ya bar tabo mai tauri da ke tsuke ƙofar. An ceci huhu, an raunata maƙogwaro. Kafin ƙarshen shekarun 1960 manyan asibitocin yara sun fara cika da wani sabon rukuni na marasa lafiya, yaran da suka tsira daga kwalba amma ba sa iya numfashi sai ta hudar wuya. Ba wai ina ɗora wa kowa laifi ba ne, domin ba don bututun ba da babu yaran ma. Amma ya kamata a faɗa ƙarara, raunin da Cotton ya ƙare rayuwarsa yana gyarawa, asibiti ne ya haifar da shi.

An haifi Robin Cotton a Ingila a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi karatun likita a Jami'ar Kambirij ya gama a 1965, shekarar da rahoton Melbon ya fito. Daga 1966 zuwa 1968 ya koyi aikin tiyata na gama-gari a asibitocin Birmingham. A 1968 ya tsallaka Kanada, ya shiga horon ƙwarewa a fannin kunne da hanci da maƙogwaro a Jami'ar Toronto, ya yi shekara uku, ya ƙara ɗaya ta neman zurfi. A lokacin babu wani kwas da ake kira likitancin maƙogwaron yara. Kowa na koyon fannin ne gaba ɗaya, babba da yaro, aikin yara kuma an fi saninsa da cire tsiron maƙogwaro da zuƙe ruwan kunne. Ba fannin da matashi mai buri ke rububi ba ne.

A Toronto ne ya faɗa hannun malamin da ya juya masa akala, Blair Fearon, likitan maƙogwaro a babban asibitin yara na birnin. Asibitin na cikin na farko-farko da suka fara sa bakwaini a na'urar numfashi, don haka yana cikin na farko da suka ga sakamakon. Fearon ya bi bayan yaran da aka sa wa bututun wuya aka ce su jira girma, abin da aka ƙirga kuma ya tayar da hankali: wajen kashi 24 cikin 100 sun mutu suna jira. Kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Galibi ba wata sabuwar cuta ke kashe su ba. Bututu ne ke toshewa ko ya fice cikin dare, ta sama kuma babu hanya. Abin da uwar nan ta gaya mini da bakinta shi ne abin da suka rubuta da alƙaluma. Daga nan hujjar masu cewa a jira ta raunana, tunda jiran ma kisa yake yi.

Tunaninsu mai sauƙin faɗa ne. In riga ta matse wa yaro, tela kan farke ta ya sa ƙyalle a tsakani. Me zai hana a tsaga zoben a cusa wani guntun guringuntsi a tsagar, ya riƙe ta a buɗe har ta warke a haka? Tsaga maƙogwaro ba su suka fara ba. Aurel Rethi na Budafes ya bayyana irin wannan aiki ga manya a 1956. Tambayar ita ce ko za a iya yi wa mai girma ba tare da an tsayar da girman ba. Ba su fara da yara ba, da birai suka fara, irin koren birin nan na Afirka. Suka yi musu aikin, suka bi su suna duba ko guntun da aka dasa ya rayu, ko maƙogwaron ya ci gaba da girma. A 1972 suka fitar da rahoton farko da sunayensu biyu, Fearon da Cotton. Cotton na da shekara 31.

A nan nake so mai karatu ya lura da wani abu game da horon mutumin. A 1972 ya bar Toronto ya tafi Jami'ar Sinsinati ya yi shekara guda yana koyon tiyatar kai da wuya. Wannan fanni ne na manya, mafi yawansa yanke ciwon daji ne daga maƙogwaron dattawa, a kuma sake gina abin da aka yanke. A ganina wannan shekara ce ta ba shi abin da sauran likitocin yara ba su da shi. Su sun saba leƙa maƙogwaro ta baki da madubi da bututu, suna tsoron wuƙa. Shi kuwa ya saba buɗe wuya ta gaba, ya ga maƙogwaro a fili, ya yanka ya ɗinke. Ya zo da idon likitan yara daga Fearon, da hannun mai fiɗar manya daga Sinsinati. A 1973 aka ba shi jagorancin sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin yara na Sinsinati, yana da shekara 32, shekara takwas bayan karɓar takardar likita. Bai sake tashi daga wurin ba, ya riƙe sashen kusan shekara 40.

Guntun da suka fara gwadawa daga jikin maƙogwaron kansa suke ɗebo shi. A Sinsinati Cotton ya koma ga haƙarƙari, kuma wannan ne ya zama aikin da duniya ta san shi da shi, wanda ya bayyana sakamakonsa a 1978. Ga yadda yake. Bayan yaro ya yi barcin allura, sai a yi 'yar tsaga a ƙirjinsa a yanko guntun guringuntsi daga inda haƙarƙari ke haɗuwa da ƙashin ƙirji. Likita ya zauna da wuƙa ya sassaƙa shi, tsakiya da faɗi, baki biyu a tsuke, kamar kwalekwalen masunta. Akan bar fatar da ke lulluɓe da guringuntsin a gefe ɗaya, a juya wannan gefen ya kalli cikin maƙogwaro, don sabuwar fata ta sami abin bi ta rufe shi. Sannan a buɗe gaban wuya, a tsaga zoben da tabon daga sama zuwa ƙasa, a buɗa, a zaunar da kwalekwalen a tsagar, a ɗinke da zare mai laushi. In tsukewar ta yi tsanani, a tsaga bangon baya ma a sa wani guntun. A wancan zamani akan bar wani ɗan bututu a ciki ya tokare wurin na makonni ko watanni, kamar yadda magini ke barin katako har siminti ya kama. Duk wannan aiki ana yin sa ne a wurin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba, kusa da tantanin murya, da jijiyoyin da ke motsa su, da maƙoshin da abinci ke bi.

Hikimar ɗebo haƙarƙarin yaron kansa ita ce jiki ba ya ƙin abinsa. Babu roba, babu ƙarfe, babu maganin hana jiki ƙin baƙo. Guntun na zama ya zama ɗan gida.

Ba shi kaɗai ke wannan fafutuka ba, bai kamata kuma a rubuta tarihi kamar shi kaɗai ne ba. A Landan, John Evans na asibitin yara na Great Ormond Street ya fito da tasa dabara a 1974, inda yake tsaga guringuntsin a karkace kamar haƙoran zarto ya buɗa ba tare da dasa komai ba. Abin da ya burge ni shi ne a 1981 Cotton da Evans suka haɗu suka fitar da rahoto ɗaya a kan yaran da suka yi wa aiki shekara biyar baya. Tsohon tsoron nan na cewa maƙogwaron da aka tsaga ba zai girma ba, bin bayan yara irin wannan ne ya kwantar da shi.

A 1980 Cotton da abokin aikinsa Allan Seid suka zo da wata dabarar, wadda ni a wurina ta fi ta farko ban sha'awa, domin rigakafi ce. Jariri ne a na'ura, huhunsa ya warke, amma duk lokacin da aka zare bututu sai numfashi ya gagara saboda zoben ya kumbura. A da hudar wuya ce makomarsa. Su kuwa suka ce a tsaga gaban zoben da zobba biyu na ƙasansa, a bar bututun a ciki na wasu kwanaki, wurin ya sami sararin saki kumburin ya sauka, sannan a zare. Jarirai da dama ta haka suka tsallake bututun wuya gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980, da Sinsinati ta ƙirga yara sama da 200 da ta yi wa aikin faɗaɗa maƙogwaro, fiye da kashi 90 cikin 100 an raba su da bututu. A tuna daga inda aka taso, ɗaya cikin huɗu na mutuwa yana jira.

Akwai wani aikin nasa da ba shi da armashin ba da labari, amma likitoci sun fi ambatonsa kullum. A 1994 shi da Charles Myer da O'Connor suka tsara ma'aunin tsukewa mai mataki huɗu. Mataki na ɗaya, abin da ya toshe bai wuce rabi ba. Na biyu, daga kashi 51 zuwa 70. Na uku, daga 71 zuwa 99. Na huɗu, babu ƙofa sam. Ana aunawa ne da bututan numfashi da ke kowane ɗakin tiyata: a ga wane lamba ne ya shiga, a kwatanta da wanda ya kamata ya shiga yaro mai waɗannan shekaru. Ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Da wannan ne likita a Yamai zai iya rubuta wa likita a Faris cewa yaro na mataki na uku, su fahimci juna ba tare da dogon bayani ba.

Ma'aunin ya kuma fito da iyakar aikin Cotton ɗin kansa. A mataki na huɗu da mai tsanani na uku, dasa haƙarƙari ba kullum yake wadatarwa ba, wani yaron sai an yi masa sau biyu ko uku. A Lozan ta Suwizalan, Marcel Savary da almajirinsa Philippe Monnier suka bi wata hanyar, suna yanke wurin da ya lalace ɗungurungum su jawo lafiyayyen bututun iska daga ƙasa su haɗe. Sun fitar da sakamakonsu a 1993, ya kuma yi kyau. Cotton bai tsaya kare dabararsa ba, Sinsinati ta ɗauki ta Lozan ta haɗa da tata. Sannan akwai maganar murya, wadda ni ta fi taɓa ni. Yaro da yawa da aka raba da bututu sun tashi da murya a dishe ko a shaƙe, saboda tsagar na iya taɓa zaman tantanin murya. Numfashi aka fara nema, daga baya ne aka waiwayi murya da haɗiya. Wannan na cikin abin da ya sa a 1999 asibitin ya buɗe cibiya ɗaya da ta tara likitan maƙogwaro da na huhu da na ciki da masu koyar da magana, su duba yaro tare maimakon a yi ta yawo da shi ofis-ofis.

Fannin da Cotton ya shiga ba shi da suna, kafin ya ajiye aiki ya zama sana'a mai tsani. A 1975 Charles Bluestone da Sylvan Stool suka buɗe horo na musamman a kan kunne da hanci da maƙogwaron yara a Pittsburgh. A tsakiyar shekarun 1980 aka kafa ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka. Yau wanda ke son wannan aiki a can zai yi shekara huɗu a jami'a, huɗu a makarantar likita, biyar yana horon kunne da hanci da maƙogwaro, sannan ɗaya ko biyu a kan yara zalla. Shekara 14 ko 15 ke nan bayan sakandare. A 2021 aka fara yi musu jarrabawar ƙwarewa tasu ta daban. Sinsinati ta zama makarantar da ake zuwa daga nahiyoyi, wasu almajiran suka koma ƙasashensu suka buɗe nasu sassan, wasu suka zauna, kamar Michael Rutter ɗan New Zealand. Mun saba in za mu yabi likita mu ce hannunsa na da albarka. Ban musa ba. Amma hannun Cotton ya sami malami da ya ƙirga matattu bai ɓoye ba, ya sami ɗakin gwaji da birai, ya sami masu ba da allurar barci da suka iya jarirai, da ma'aikatan jinya da ke tsaye a kan yaro dare da rana bayan aiki. Ya kuma zauna wuri ɗaya shekara kusan 40 yana ganin yaran da ya yi wa aiki suna dawowa da gemu. In aka cire ɗaya daga cikin waɗannan, labarin ba zai zama haka ba.

To mu ina muke? Wani bincike da Wakisa Mulwafu na Malawi da abokan aikinsa suka fitar a 2017, a kan ƙasashe 22 na Afirka kudu da Sahara, ya nuna likitan kunne da hanci da maƙogwaro ɗaya ne ga mutum wajen miliyan 1.2. Wannan na manya da yara ne a haɗe. A ƙasashenmu masu Faransanci, bayan karatun likita sai an ƙara shekara huɗu kafin a zama ƙwararre a fannin, a Najeriya kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da ke horarwa. Wanda ya fito, shi ne na kunnen tsoho, shi ne na dajin maƙogwaro, shi ne kuma za a tasa da tsakar dare in yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa. Ga shi kuma ɗakunan jarirai da na'urorin numfashi na ƙaruwa a manyan asibitocinmu, abin farin ciki. Sai dai tarihin Toronto ya nuna abin da ke biyo bayansu. Su can sun rage matsalar ƙwarai ta hanyar zaɓen bututun da bai cika wuri ba da ɗaure shi kada ya yi ta goga, wannan kuwa ba ya bukatar Cotton.

Akwai ma darasi daga cikin nahiyar. A asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun, wata ma'aikaciyar jinya, Jane Booth, ta fara wani shiri a 1989 na koya wa iyaye kula da bututun wuya a gida, har da iyayen da ke zaune a unguwannin marasa galihu. Uwa ta koyi zuƙe majina, ta koyi canza bututu da hannunta, yaro ya koma gida maimakon ya shekara a gadon asibiti.

Wata magana kuma da nake yawan samu a shirinmu na lafiya. Jariri na numfashi da ƙara kamar kukan ɗan tsako, sai a ce belu ne, a kira wanzami. Ina girmama wanzamai, kakana na wajen uwa ma sana'arsa ke nan. Amma belu a sama yake, inda ido ke gani. Wurin da muke magana a kai yana can ƙasa da tantanin murya, inda aska ba ta kaiwa. Mafi yawan jariran da ke wannan ƙara laushin saman maƙogwaro ne ke damunsu, yakan kuma tafi da kansa kafin shekara biyu. Kaɗan daga ciki tsukewa ce ta gaske, musamman wanda ya taɓa kwanciya da bututu a asibiti. Mai leƙawa da madubin likita ne kawai zai bambance.

Bayan wata uku na koma asibitin nan da wani aikin, na leƙa ɗakin yara na tambayi yaron. Ma'aikaciyar jinya ta ce an sallame su, da bututun a wuyansa. Ta ce sun zaunar da uwar kwana da kwanaki har ta iya zare shi ta mayar da kanta, sun ba ta na biyu ta ajiye, da 'yar na'urar zuƙe majina da ake takawa da ƙafa, tunda ƙauyensu babu wuta. An rubuta musu su dawo bayan wata shida a sake leƙa maƙogwaron a auna. Daga garinsu zuwa asibitin tafiyar awa huɗu ce a mota, in hanya ta yi kyau.